Yadda Na Hau Dutse da Burgamin Ƙasa

Tun da na komo daga yamma ban samu na zauna kasuwar Filinge na ci goro a natse ba. Wannan ya ja rigata ya ce, "Nomau, wai da gaske akwai masu noma bisa dutse?" Wancan ya ce, "An ce ka tafi ɗauko ɗan yayarka, ka ƙare da bayar da shi kyauta." Na gaji da maimaitawa, ga shi duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishirinsa kafin ya kai rumfa ta gaba. To ga shi a rubuce. Abin da na gane zan ce na gane. Wanda ban gane ba, kuma shi ya fi yawa, zan faɗe shi yadda idona ya gan shi.

Shekarar da Annasara suka kafa barikinsu a nan, sun bi gida-gida suna ɗibar masu ɗaukar kaya. A gidan yayata Kulu aka ɗauki Arzika, ɗanta guda namiji, gemunsa bai ko gama fitowa ba. Aka aza masa akwati, suka yi yamma. Waɗanda suka tafi tare sun dawo ɗaya-ɗaya, ban da shi. Wani ya ce ya ga an bar shi kwance da zazzaɓi can ƙetaren kogi. Shekara tara ba labari. Mijinta ya rasu a ciki. An sha ce mata ta yi wa yaron sadakar mamaci, ta ƙi.

Rannan, ranar kasuwa, wani Bamoshe mai jakuna da ake kira Tinga, mai sayar da awarwaron dutse, ya tsaya yana ta kallon fuskata. Can ya ce, da Zabarmancinsa na fatake, ya san wani mai irin tsagar nan tamu ta Kurfeyawa. Yana wani ƙaramin gari bisa dutse a yankin Hombori, Tondi Bene. Sunansa Arzika. Har ya ba shi saƙo: in ya ga masu irin tsagarsa, ya ce su kawo masa ƙasar gonar ubansa.

Da na kai wa Yaya Kulu maganar ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "An ɗaure shi." Mu nan kowa ya san abin da ake yi wa wanda ya daɗe a uwa duniya har zuciyarsa ta manta gida: a ɗebi ƙasar gonarsu, a jiƙa, a ba shi ya sha, ƙafarsa ta juyo. Ta ɗauki sandarta, da yake idonta ya fara dushewa, ta lallaɓa har gindin gawon da ke tsakiyar gonar, ta cika burgami na fatar akuya, ta ɗaure bakinsa.

"Kai ka san hanyoyi, kai ka iya bakin kowa," in ji ta. "Jiƙa mai, ka ba shi da hannunka. Kada ka bari ƙasag ga ta taɓa ta wani gari kafin ya sha. So nike in gan shi tun idona na gani."

"Yaya, tafiyar wata guda ce fa, ga ƙafafuna yadda suka zama."

"Da ka tafi Gwanja saboda goro, wata nawa ka yi?"

Na miƙa hannu na karɓa. Na rataya burgami a wuya, na bi Tinga.

Mun kwana Damana wurin wani tsohon abokin fataucina, aka dama mana fura mai kauri. Nan na fara sanin halin abokin tafiyata. Tinga ya fi hira da jakunansa bisa ga mutane, kuma in ka tambaye shi abu sai ya amsa wani. Na ce masa me Arzika zai yi da ƙasa. Ya ce, "Mutanen can duk haka suke. Ƙasa, ƙasa." Na ce a raina lalle Yaya ta yi gaskiya, gari guda ne na ɗaurarru.

A Yamai muka iske kogi, muka kuma iske abin da babu shi zamanin da nake yawo: ba a shiga jirgi sai da takardar Annasara. Da, mai jirgi kawai ake gaisarwa. Yanzu ga rumfa, ga gardi mai jar hula, ga tafinta, ga wani saurayin Annasara da rana ta dafa wa wuya. Gardi ya kwance kayan Tinga, ya duba, ya mayar masa. Da ya ɗaga burgamina ya ji nauyi, sai fuskarsa ta sake.

"Mi ke ciki, tsoho?"

"Ƙasa."

"Ƙasar mi?"

"Ƙasar gona."

Tafinta ya juya wa Annasara, Annasara ya miƙe tsaye. Ya sa aka kawo tasa da ruwa, ya ɗebi tafi guda ya zuba, yana jujjuyawa yana leƙawa. Ashe zinariya yake nema. Gardi kuwa ya ce albarushi aka ɓoye, ya watsa kaɗan a wuta, duk muka ja da baya, har da ni da na san abin da ke ciki. Ba abin da ya tashi. Tafinta ya lasa, ya tofar. Ni dai idona na kan tasar, ina tuna kashedin Yaya. Da suka gama na roƙa a ba ni ruwan, na tace da gefen rawanina, na mayar da lakar cikin burgami. Nan Annasara ya tabbata ba ni da hankali, ya rubuta takarda da sauri. Har yau ban san me ya rubuta ba, amma duk barikin da na nuna ta sai a yi dariya a ce in wuce.

Daga ƙetare muka bi ta Tera zuwa Dori. Ƙasar Fulani ce, Fillancina ya yi mini rana, sai dai bai hana ni kwana da yunwa ba. Mu in baƙo ya sauka, mai gida ke fara sa hannu a ƙwarya. Can kuwa kunya ce a ga babban mutum yana tauna. Mai masaukinmu ya ajiye mana tuwo da nono, ya koma gefe ya ba mu baya. Ni ina jira ya zo mu ci, shi yana jira in ci in tashi. Tinga ne ya raba gardamar, ya cinye.

Bayan kwanaki masu yawa cikin ƙaya da rairayi, duwatsun suka fito. Mu ma muna da namu a bakin kwarin Dallol, na kuma ga na Abzin, na ga na ƙasar Gwari. Amma waɗancan masu gangare ne, kamar raƙumi a durƙushe. Waɗannan a tsaye suke cak, kamar an gina rumbu an manta da tsani. A gindin ɗaya daga ciki akwai ƴar kasuwa. Tinga ya nuna sama da sandarsa.

"Ga garinku can. Ni nan nake tsayawa. Jakuna ba su hawa, ni ma haka."

Sai a ranar na san duk shekarun da ya yi yana zuwa bai taɓa taka garin ba. A kasuwar nan yake ganin Arzika.

Na lura duk mai hawa, ban da kayansa, yana ɗauke da ƙasa. Wani a ɗan kwando, wata a ƙullin zane, har mai goyo. Na tambayi wani, ya ce haka ake yi. Na cire takalma na bi su. Hanyar wani tsagi ne cikin dutse, wani wuri da ƙafa, wani wuri da gwiwa, wani wuri kuma reshen itace aka sassaƙa aka jingina. Wata tsohuwa da ta girme ni ta wuce ni da tulu a ka, ta ce sannu. Ina nan ina haki a kan wani dutse ta sake wuce ni tana saukowa da tulun wofi, ta ƙara ce mini sannu, wannan karon da tausayi.

A bakin garin akwai ƙofar da mutum ɗaya kawai ke iya shiga, da wani dattijo zaune, Sumaila, shi ke tsaronta. Bakinsu ɗan'uwan Zabarmanci ne, in sun yi a hankali ina ji sarai.

"Baƙo, ina ƙasarka?"

Na dafa burgami na ce ga ta, amma ba ta gindin dutse ba ce. Daga Kurfey na kawo ta, daga gonar uban Arzika. Tsohon nan ya zabura kamar an sa masa garwashi, ya ƙwala kira. Kafin in gyara rawani gari ya fito, mata na guɗa, wani ya ɗauko ganga. Cikin taron wani ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa ya ratso, awarwaron dutse a damtse. Ba don tsagar ba da ban gane shi ba. Ya durƙusa ya kama ƙafata.

"Kawu. Kawu Nomau. Inna fa?"

"Tana nan da ranta. Babanka dai ya riga mu."

Muka yi masa addu'a tare. Ya ba ni labarin yadda mutanen garin suka tsince shi a gindin dutse, suka hau da shi a goye, suka yi jinyarsa. Ya nuna mini matarsa Bibata da ƴaƴa biyu. Babbar sunanta Kulu.

Ban tsaya wata-wata ba na ce a ba ni ruwa a ƙwarya. Da ya ga ina kwance bakin burgami sai ya riƙe hannuna.

"Ba yanzu ba, Kawu. Sai Juma'a, gaban dattawa."

Na ce madalla. Ashe mutanen nan sun fi mu iya abin, har da shaidu suke yi.

Kwana uku na jira. An sauke ni a ɗakin dutse wanda ko a zaune kaina na gogar rufi, ƙofarsa kuma na buɗewa bisa rufin maƙwabci. Ranar farko da safe na fita alwala na zuba ruwa, sai na ji ana zagi daga ƙarƙashin ƙafata. Abincinsu tuwon gero ne kamar namu, da wata baƙar miya mai yauƙi da na ji tsoro a ido na kuma nemi ƙari a baki. Albasa suke dakawa su dunƙula su shanya, duk garin warinta yake.

Sumaila ya zagaya da ni gonakinsu. Wata ba ta fi tabarma uku ba, an jera mata duwatsu a gefe kamar bakin rijiya. Ya ce kakanninsu mutanen fili ne, a bakin wani tafki. Mahara suka dame su, yau a kore shanu, gobe a kore mutane, sai suka hau. Dutse tsirara suka iske. Suka riƙa komawa kufai a ɓoye suna ɗebo ƙasar gonakinsu a kwanduna. Duk gonar da ke garin, a ka aka kawo ta, kuma ya san asalin kowace. Ya ce Annasara ya sha aiko musu su sauka, yanzu babu hari.

"Mu sauka mu bar ƙasar?" in ji shi. "Ko mu sake saukowa da ita kwando-kwando?"

Na ji wannan duka, na gyaɗa kai, ban haɗa shi da abin da ke rataye a wuyana ba. Ni da ake cewa na ga duniya.

Na yi sa'a, ko rashinta, na zo lokacin wasansu na bayan girbi. Samari da magidanta ke hawan wani bangon dutse da ke bayan gari, ba igiya, ba takalmi. Kowa na da ƙyallen da matarsa ko budurwarsa ta ba shi, ya je iyakar inda zuciyarsa ta kai shi ya ɗaura. Wanda nasa ya fi nisa, sunansa mata za su riƙa waƙa a bakin turmi har shekara ta zagayo. Dattawa kuwa tabarmi suke shimfiɗawa su kwanta rigingine suna kallo. Ni na ƙi kwanciya gaban mutane, na yini da kai a ɗage, kwana biyu wuyana bai juyu ba. Mu wasanmu kokawa ce. Kana ganin wanda ya kayar da kai, baɗi ka rama. Na tambayi Sumaila nan da wa ake kokawar. Ya ce in yi shiru, ga ɗana can. Na duba, sai ga Arzika manne da bango kamar ƙadangare, yaron da a gida ko rumbu ba ya hawa sai an riƙe masa tsani. Na rufe ido har sai da na ji guɗa.

Ana cikin haka wani Annasara ya iso daga barikin fili, wai hutu yake yi. Sumaila bai bar shi ya shiga ba sai da ya koma ya ɗebo ƙasa, a hularsa ya zubo ta. Ya zo da igiya da sanda mai bakin ƙarfe, ya hau ƙololuwar da ta fi kowace, ya sauko da la'asar wando a yage, gwiwa na jini, yana murna kamar an yi masa haihuwa. Na tambayi kukunsa me ya samo. Ya ce ba komai. Zuma? Babu. Abokan gaba ya je hange? A'a.

"Ya ce ya ga nesa."

"Nesa ai daga nan ma ana ganinta."

"Baba, ni dafuwa aka ɗauke ni."

Ranar Juma'a bayan salla gari ya taru a ƴar gonar da Arzika ke nomawa. Surukinsa na tsaye da fartanya. Ni kuma na zo da ƙwaryata cike da ruwa. Sumaila ya karɓi burgami ya ɗaga kowa ya gani, ya juyo gare ni.

"Kai ne kawunsa?"

"Ni ne."

"Ƙasar gonar ubansa ce?"

"Ita ce."

"Da yardar uwarsa ka kawo ta?"

"Ita ta cika shi da hannunta."

Guɗa ta tashi. Na miƙa ƙwarya. Sumaila ko kallonta bai yi ba, ya kife burgamin cikin gonar, ya kakkaɓe. Kafin in buɗe baki surukin ya sa fartanya ya gauraya. Ƙasar da na hana ta taɓa ta wani gari tsawon wata guda, wadda na tace da rawanina a Yamai. Ƙwarya ta suɓuce mini. Na manta duk bakunan da na iya, na yi ihu da Hausa.

"Sha za ka yi! Sha, ɗan banza!"

Ganga ta tsaya. Arzika ya dube ni, ya dubi ƙwaryar a ƙasa, sai ya dafa kai ya zauna bisa dutse.

"Wayyo, Kawu. Wallahi na manta ana haka a gida."

"To mi ka aika a kawo maka ita ka yi?"

Ya yi mini bayani, Sumaila na ƙarawa. A garin nan baƙo ba ya da gona, aro ake ba shi. In ya sauka ya yi wata bai komo ba, gona ta koma ga mai ita, ƴaƴa kuma su zama na dangin uwa, tunda wanda ba ya da ƙasa ba ya da inda zai ajiye zuriya. Sai fa in danginsa sun kawo ƙasar ubansa da yardarsu an zuba. Daga ranar ya zama ɗan gari, shi da jikokinsa.

"Shekara tara ina son in zo in ga Inna," in ji shi. "In na taho, in komo in iske ɗiyata Kulu ba tawa ba. Yanzu ina iya zuwa inda nike so."

"Ka zo, ka kuma komo nan."

"Nan ne gida yanzu, Kawu. Kai ka shaida, gaban kowa."

Aka ci gaba da kiɗa, ana zuwa ana yi mini godiya. Wata tsohuwa ta ce ba ta taɓa ganin dangi masu kirki irinmu ba, har kuka nake don murna.

Da taro ya watse na ɗauki burgamin, na juya cikinsa waje, na kankare ɗinkin da farce. Abin da ya fito bai cika cokali ba. Na jiƙa, na kira Arzika bayan ɗaki na ce ya sha. Ya fara dariya, ya ga ba wasa a fuskata, ya shanye har da tauna tsakuwa.

Kwana biyar bayan haka muka sauko tare. A Yamai gardin nan ya ga burgami wofi, ya tambaye ni ko na sami mai saye.

Mun shiga Filinge da hantsi. Yaya Kulu na zaune ƙofar ɗaki tana tsince wake da lalube. Ya yi sallama. Ta ce ya matso wajen haske. Ta kama fuskarsa ta juya ta ga rana, ta daɗe tana kallo, tana bin tsagar da yatsa. Sannan ta ce da ni, "Ya sha?"

"Ya sha, Yaya."

Ban yi ƙarya ba. Sauran kuwa na haɗiye, na kuma gargaɗi Arzika ya haɗiye.

Ya yi rani guda tare da mu. Ya gyara mata danga, ya sake wa rumbu jinka, yana hawa ba tsani, yara na taruwa kallo. Da gajimare ya fara haɗuwa ya ce zai koma ya ga ƴaƴa, ni kuma ina jiran ranar da za ta ce na ci amanarta. Ana gobe zai tashi ta ɗauki sanda ta ce in raka ta gindin gawo. Burgami biyu ta kawo, ƙarami da babba. Ta cika ƙaramin ta ce na jikokinta ne, a jiƙa musu, ko Allah ya sa wata rana ƙafarsu ta biyo nan. Sannan ta shiga cika babban, tana dannawa da gwiwa.

Na ce, "Yaya, wanga ai ya fi ƙarfin sha."

"Wanga na gonar ne. An ce ba ta fi tabarma uku ba." Ta ɗaure bakinsa. "Kai ma da ka tashi kai mai, da ka ɗebi mai yawa."

Arzika ya rantse ba shi ya faɗa mata ba. Ni ma ban faɗa ba. Ban samu na tambaye ta ba, damina na tsakiya Allah ya karɓi abarsa.

To masu cewa na bayar da ɗan yayata, ban ce kun yi ƙarya ba. Masu cewa na dawo da shi, ku ma haka. Ko ƙasar da ya sha ce ta kawo shi, ko wadda aka zuba, ni da na ɗauke ta a wuya ban sani ba. Abin da na sani, bara Tinga ya zo da damin gero ɗan ƙarami daga Tondi Bene, zangarniya gajeru, ya ce Arzika ya aiko a kai gidan Yaya Kulu. Na shuka shi gindin gawo.